Ƙudan tsando da masu gadin jikinsa

Makiyayin da ya taɓa kai shanu dajin Kamuku, a ƙasar Birnin Gwari, ya san ƙudan tsando, ya kuma san sammore. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ƙudan ma yaƙi yake yi da cutar da yake ɗauka. Yawancin waɗanda suka tsotsi jinin dabba mai ciwo, cutar a cikinsu take mutuwa.

Ƙwari ba su da irin garkuwar da allurar rigakafi ke horarwa a jikinmu. Tasu da ita ake haihuwarsu, kuma cikin masu tsaron ƙofarta akwai wani dangin furotin da ake kira PGRP, wanda aikinsa gane fatar bakteriya da buga gangar yaƙi. A Japan aka fara gano shi, a jinin tsutsar siliki, a 1996.

Da aka ƙirga ƙwayoyin gadon wannan dangi a jikin ƙwari daban-daban, sai bambanci ya fito. Ɗan mitsitsin ƙudan nan mai yanyame ruɓaɓɓen mangwaro yana da 13. Sauron zazzaɓin cizon sauro yana da 7, ƙudan tsando 6, ƙudan zuma 4. Masana na danganta wannan da yanayin rayuwa: mai kwana cikin ruɓa kullum yana gamo da baƙin ƙwayoyin cuta, shi kuwa tsando, namiji da mace, jini kaɗai suke sha. Ita ma amya ma'aikatanta ba sa barin ƙazanta ta kwana.

Amma labarin tsando ya fi ba ni mamaki. Macen ba ta yin ƙwai. Tsutsa ɗaya take reno a cikinta, tana shayar da ita wani ruwa mai kamar nono. Akwai kuma wata bakteriya, Wigglesworthia, da ke zaune a hanjinta tana samar mata da sinadaran bitamin da jini bai wadata da su ba. In ta rasa ta, haihuwa ta tsaya. To yaya za ka yi gadi ba ka kashe baƙon da ke ciyar da kai ba? Binciken Serap Aksoy da abokan aikinta a Jami'ar Yale ta Amurka ya nuna ɗaya daga cikin dangin, PGRP-LB, shi ke lallashin garkuwar kada ta far wa baƙon, kuma shi ɗin dai yana kashe ƙwayar sammore. Uwa ce ke ba tsutsa wannan furotin ta nono. Ƙudan da ya fito sabo, kafin nasa ya yi yawa, ya fi saurin kamuwa a shan jininsa na farko.