Abin da Launi Ke Faɗa Game da Zane-zanen Kanton

Daga 1757 zuwa 1842 birnin Kanton kaɗai Sarkin Sin ya yardar wa Turawa su yi ciniki a cikinsa. Fataken da suka zo sayen ganyen shayi da siliki sukan so su koma gida da tsaraba, saboda haka masu zane suka buɗe rumfuna, suna zana musu furanni da tsuntsaye da jiragen ruwa da masu sana'o'i. Galibinsu ba su sa suna ko shekara a jikin aikinsu. To, yaya za a san lokacin da aka yi su?

Masana suka koma ga launin kansa. Akwai na'urar da ke haska zane da hasken eksire ba tare da an kankare kome ba, ta nuna irin ma'adinin da ke ciki. In ta nuna zaiba a wurin ja, to, jan nan ne da Sinawa suka daɗe suna haɗawa da zaiba da farar wuta. In ta nuna dalma a wurin fari, sai mai ajiya ya yi hattara, don farin dalma yakan yi baƙi in iska mai farar wuta ta daɗe tana taɓa shi. Amma na'urar nan makauniya ce ga rinin itatuwa. Shuni, wanda sinadarinsa ɗaya ne da na marinar Kano, ba ta ganinsa, sai an kawo na'urar Raman mai aiki da hasken leza.

Shuɗi ya fi kowane launi ba da labari. Wajen 1706 aka gano shuɗin Furusha a Balin, wanda ke da ƙarfe a cikinsa. Jiragen Ingila suka riƙa kai shi Kanton, har Sinawa suka koyi yinsa da kansu bayan 1820. An kuwa same shi cikin zanen tsirrai da John Reeves, mai duba shayi na Kamfanin Gabashin Indiya, ya sa aka yi masa bayan zuwansa a 1812. Haka kuma wani kore mai guba, na tagulla da arsenik, sai a 1814 aka fara yinsa a Jamus. Duk zanen da aka ce na 1790 ne, in aka sami koren nan a jikinsa, lalle ko shekarar ƙarya ce, ko wani ya yi masa gyara daga baya.

Sai dai kada mai karatu ya zarce. Launi yana iya cewa ba a yi zane kafin shekara kaza ba, amma ba ya faɗin ƙarshen lokaci, gama tsohon mai zane yakan ci gaba da niƙa dutsen da ya gada, ko da sabon launi ya cika kasuwa.