Fim ɗin yara ne, ko kuwa fuskar yara aka ɗora bisa buhu?



Daga Dogarawa zuwa Galmi, daga Malbaza zuwa Ƙonni da Illela, da wuya a shiga kasuwa ba a ga rumfar masu tura fina-finai cikin salula ba. A da Kano da Indiya ne ke cin wannan kasuwa. Yanzu an ƙara da wani iri, wanda za mu kira almarar kimiyya, wato labarin da aka ƙaga a kan jiragen sararin samaniya, da wasu duniyoyi, da zamanin da bai zo ba tukuna. Da iyaye sun leƙa sun ga samari da ƴan mata a ciki, sai su ce ai wannan shirmen yara ne, su juya baya. Tambayarmu ta yau ita ce: sa matasa a gaban fim shi ne ke mayar da shi na yara?

Mu ɗauki fim ɗin Dune na Amurka, wanda Denis Villeneuve ɗan ƙasar Kanada ya shirya. Kashi na ɗaya ya fito a 2021, na biyu a 2024. Jarumin fim ɗin, Timothée Chalamet, an haife shi a 1995, jarumar kuma, Zendaya, a 1996. Dukansu biyu matasa na son su ƙwarai, shi ya sa tun da aka ambaci sunayensu wasu suka ce an yi fim ɗin ne don ƴan lakwal.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, kuma ɗan kasuwa ya fi kowa gane ta. Mai albasar Galmi ya san wadda ake ɗorawa a bakin buhu. A kashi na ɗaya, hoton Zendaya ya cika tallace-tallace, amma cikin fim mai tsawon fiye da awa biyu da rabi, fitowarta ba ta wuce kamar minti 7 ba. Kamfani ya zuba miliyoyin dalar Amurka, dole ya nemi fuskar da za ta jawo mai saye. Sun kuwa ci riba, don kashi na biyu ya tara fiye da dala miliyan 700 a gidajen sinima na duniya.

To amma mai wayo ba ya cinikin biri a sama, sai an zazzage buhu ya ga ƙasansa. Littafin da aka ɗauko labarin daga cikinsa Frank Herbert ne ya wallafa shi a 1965, kuma a can shekarar yaron 15 ne kacal. Ashe ma wanda aka sa ya girmi na littafin. Labarin kuwa na wata duniya ce da hamada ta cinye, inda ruwa ya fi zinariya daraja, har mutanen wurin kan sa tufar da ke tace guminsu su sake sha. A ƙarƙashin rairayin akwai wani arziki da manyan daulolin waje ke kashe juna a kansa, alhali masu ƙasar na cikin wahala. Ɗan Nijar da ya san cewa tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, da matar da ta san layin rijiya a watan bazara, ba sa bukatar mai fassara kafin su gane inda aka dosa. A kashi na biyu, yaron ya zama shugaba, jama'a suka bi shi ido rufe, ya kai su ga yaƙi. Wannan ba tatsuniyar gizo da ƙoƙi ba ce.

Mu ma a gida ba baƙon abu ba ne a ɗora wa yaro babban labari. A 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka bisa wata, aka buga littafin Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya a Zariya, inda wani yaro Kilba ya yi tafiya sararin samaniya tare da wani baƙo daga can. Kafin nan, a 1966, marigayi Mustafa Alasan, wanda ya daɗe zaune a Tawa, ya yi fim a kan wani saurayi da ya komo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka addabi gari. Marigayiya Zalika Sule tana ƴar budurwa ta fito a ciki. Matasa ne suka yi wasan, amma saƙon na dattawa ne: me ke faruwa idan ƴaƴanmu suka kwaikwayi abin da suka gani a sinima?

A Kano ma hikimar kasuwar ɗaya ce. Ali Nuhu yana da shekara 25 lokacin da Sangaya ya fito a 1999 ya ɗaga shi. Shi kuma a 2017 ya ɗauko sababbin fuskoki, Umar M. Shareef da Maryam Yahaya, ya ba su Mansoor. A ganinmu, abin da ke sa dattijo ya tashi daga gaban wasu fina-finan ba ƙuruciyar ƴan wasa ba ce. Idan labari bai wuce soyayya da rawa da waƙa ba, ko mai furfura aka sa, na yara ne. A ɗaya gefen, Indiya ta fitar da Kalki 2898 AD a 2024, almarar kimiyya ce, kuma Amitabh Bachchan yana da shekara 81 ya fito a ciki, duk da haka samari suka yi rububinsa.

Abin da ya sa muka kawo wannan zance shafin ƴan kasuwa shi ne, kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, kuma kuɗin turin nan daga lalitar uwa ko aljihun uba yake fitowa. Wanda ya ce fim na yara ne ya kau da kai, ya bar yaro shi kaɗai da abin da ya fi ƙarfinsa. A Amurka kanta an gargaɗi iyaye game da nuna Dune ga wanda bai kai shekara 13 ba, saboda kashe-kashen da ke ciki. Bayan haka, labarin ya aro kalmomin da muka sani, irin su Mahadi, ya sa su cikin ƙage. Yaro na bukatar babba kusa da zai ce masa wannan almara ce, ba karatun malam ba.

Don haka shawararmu ga iyaye mata da maza: kafin a ba da kuɗin turi, a tambayi yaro sunan fim da abin da ya ƙunsa. Idan an tashi daga kasuwa, a zauna a kalli ko da rabin awa tare da shi, a tambaye shi abin da ya fahimta. Mai kyau a bar masa, marar kyau a goge.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a kasuwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.