Rabin kwanon ɗakin Inna daga cikin wayata ya fito

Ranar da ruwan farko ya sauka mana a Kumasi cikin watan Maris, ina zaune a shagona a Kejetia, ɗakin Inna a Katsina ne ya faɗo mini a rai. Bara da damina sai da aka jera robobi uku a tsakiyar ɗakin saboda yoyo. Can gida ruwa ba ya kankama sai wajen Yuni, ke nan ina da kamar wata uku in haɗa kuɗin kwano da katako da ladan kafinta. Kasuwa kuwa sai dai hamdala.

Da dare na ce wa maiɗakina zan karɓi rance a ɗaya daga cikin manhajojin nan masu ba da bashi cikin minti biyar. Ta dube ni ta ce, "Maigida, ka manta abin da ya sami maƙwabcinmu?" Ban manta ba. Kwana huɗu ya makara, masu manhajar suka bi lambobin da ke wayarsa ɗaya bayan ɗaya, har surukinsa ya sami saƙo. Babban Bankin Gana ya sha yin gargaɗi a kan irin waɗannan da ba su da lasisi. Ga kuma maganar riba, wadda ba sai malami ya tuna mini ba. Ta ce in ba ta wayar.

Muka zauna da biro da tsohon littafin yaro, muna bin saƙonnin MoMo na wata biyu. Abu mai kyau da MoMo shi ne duk kuɗin da ya fita sai ya bar saƙo, mu ne dai ba ma karantawa.

Data ce ta fi cin kuɗi. Kullum ina sayen ƴar ƙarama, ta ƙare kafin la'asar, in ƙara. Ashe WhatsApp ɗina a buɗe yake, duk bidiyon da aka jefa a zauren ƴan kasuwa da na ƴan garinmu da na dangi sai ya sauka da kansa, wa'azi ɗaya sau uku. Ɗana ya rufe wannan cikin minti ɗaya, muka koma sayen ta wata. Sai waƙar da mai kira ke ji, wadda ni ban ma san yaushe na saka ta ba. Sai kuɗin talabijin: ina biyan babban tsari saboda ƙwallo, alhali a majalisa nake kallon ƙwallon. Muka sauko ƙarami. Yara sun yi fushi na kwana biyu.

Wanda ya fi ba ni kunya shi ne cirar kuɗi. Lokacin da aka kawo harajin E-Levy a watan Mayun 2022, kashi 1.5 cikin ɗari, da yawa daga cikinmu muka koma riƙe tsabar kuɗi, ko mu riƙa tura ƙasa da sidi 100 a rana don kada a cire. An rage shi zuwa kashi 1 a farkon 2023, aka soke shi gaba ɗaya a watan Afrilun 2025. Harajin ya tafi, ɗabi'ar ta zauna. Sai in je wurin mai MoMo in cire kuɗi, a yanki ladan cirewa, in hau mota in je in sayi katin wuta da su. Ga manhajar ECG a cikin wayar. Yanzu daga kan tabarma maiɗakina ke saya, sai dai ka tabbatar mitarka na cikin waɗanda ke karɓa ta waya kafin ka tura.

Abin da muka tsira da shi bai kai kuɗin rufin ba, kada in yi muku ƙarya. Wajen rabi ne. Sauran daga susu ya fito.

Wajen aikawa kuma na koyi tambaya guda: naira nawa za ta shiga hannun ƙanena? Wata manhaja za ta ce tura kyauta ne, amma ta ci ka a farashin canji. Ranar na gwada biyu, na kuma tambayi ɗan canjin da muka saba da shi a zango, na ɗauki wanda nairarsa ta fi yawa. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashin ba ya kwana wuri ɗaya, don haka ranar da za ka tura nan za ka duba.

Ban tura a dunƙule ba. Na kwano kai tsaye ya shiga asusun mai shago, bayan ƙanena ya kira ni ta bidiyo na ga bandir ɗin, ya ƙirga mini falle ashirin, ya lanƙwasa gefen ɗaya in ga kaurinsa. Kafinta rabi ya karɓa, saura sai da na ga an buga ƙusa ta ƙarshe. Ƙanena ya ce, "Yaya, ba ka yarda da ni ba ne?" Na ce na yarda, kwanon ne ban sani ba.

An gama saura kwana tara Yuni ya kama. Inna ta kira ta sa albarka, sannan ta ce madafa ma fa tana yoyo.