Ƙullin Goggo

Bayan sadakar arba'in muna kwashe kayan Goggo a ɗakinta na Jikwoyi, sai ƙanwata ta zaro wani ƙulli daga ƙasan kwalla. Ƙwayoyi ne masu ruwan ƙasa, ko girman gero ba su kai ba. Maƙwabciyarmu ta ce irin alayyafo ne. Na ɗora ɗaya a farar takarda na duba da tabarau mai ƙara girma. Na alayyafo baƙi ne, kewayayye, mai sheƙi. Wannan kuwa siffar ƙwai gare shi, da zane-zane daga kai har gindi.

Na shuka kaɗan a tsohon bokiti, mako uku ina bayi. Shiru.

"Yaya, ko dai ya mutu ne?" in ji ƙanwata.

A ɗakunan gwajin iri, kamar na hukumar kula da iri ta ƙasa da ke Sheda a hanyar Lokoja, akan jiƙa ƙwaya a sinadarin tetirazoliyom: mai rai ɗan tsironta ya rine ja, matacciya ta zauna yadda take. Ni reza kawai gare ni. Na tsaga goma, takwas cikinsu fari fat, a cike, ba ruɓa. Ashe ba irin ke da laifi ba, ni ne ban san gidansa ba.

Tsumman ƙullin ne ya ba ni haske. Busasshiyar laka ta manne a bakinsa, Goggo kuwa 'yar Nguru ce, bakin dausayin da ya shiga jerin muhimman dausayoyin duniya na Ramsar a 2000. Sai na shimfiɗa laka a baho, na watsa irin, na cika ruwa har ya shanye shi, na ajiye a rana.

Da fari wani siririn kore ya fito kamar zare. Daga baya ganye mai kan kibiya a ƙarƙashin ruwa. Ranar da faffaɗan ganye ya kwanta a saman ruwa, na ce bado! A ruwa ɗansa yake nuna, ya fashe, ƙwayoyin su yi yawo a sama kafin su nutse cikin laka. Yaya za a yi ya tsiro a busasshiyar ƙasa?

Saura wane bado. Akwai mai shuɗi-shuɗin fure da ke buɗewa da rana, har yakan fitar da ɗan tsiro a cibiyar ganyensa. Namu gefen ganyensa haƙora ne kamar zarto. Wani dare bayan sallar isha'i furen ya buɗe, fari tas, bai rufe ba sai da hantsi. Shi masana tsirrai ke kira Nymphaea lotus.

Na kira Inna na gaya mata. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce a farin 1973 garin wannan ƙwayar Goggo ta riƙa tuƙa musu.