Samanja Chari Maigumeri: Lamba Daga Jamus, Lamba Daga Ingila

Ranar 10 ga Yuni, 1915, Jamusawan da ke riƙe da Garwa, a bakin kogin Binuwai, suka ɗaga farar tuta. Cikin baƙaƙen sojojin da suka faɗa hannun Ingila a garin akwai wani saurayi ɗan ƙasar Barno, Chari Maigumeri. Shekara biyu kacal da shigarsa sojan Jamus, amma har ya samu lambar jarumtar da suke kira Gicciyen Ƙarfe. Da me ya same ta? Da buɗe wa sojojin Ingila wuta, waɗannan dai da yanzu suka tasa ƙeyarsa.

Garwa kuwa ba ta faɗi da arha ba. A ƙarshen Agustan 1914 rundunar Nijeriya ta taso daga Yola ta afka mata, aka tare ta da ruwan harsashi daga ramuka da ganuwa. Kwamandanta, Laftanar Kanar MacLear, ya kwanta dama a wurin, saura suka juya Yola ba shiri. Sai da Kanar Cunliffe ya zo bayan wata tara, da taimakon Faransawa da manyan igwa, sannan aka ci garin.

Wani fursunan da an sake shi gida zai nufa. Chari a 1917 sai ya sa jar dara, ya shiga rundunar da ta kama shi. Aka kuwa tura shi Gabashin Afirka, inda Janar von Lettow-Vorbeck na Jamus ya hana Ingila sakat. Wato bindigar ta juya kan iyayen gidansa na jiya. Birged ɗin Nijeriya da aka kai can ma Cunliffe ne ya jagorance ta, mutumin da ya ci Garwa.

Mai son zargi zai ce wannan ai sojan haya ne, duk inda ta faɗi sha ne. Ni ban ga haka ba. Rigimar Kaisan Jamus da Sarkin Ingila ba ta Chari ba ce, ba ta kowane baƙin mutum ba ce. Abin da ya mallaka shi ne zuciya da sanin aiki, kuma ɓangarorin biyu da ba sa ga-maciji sun sa hannu a kan haka. Shaidar abokin gaba ai ta fi ta ɗan'uwa nauyi.

Bayan yaƙi ya yi ta ƙara igiya har ya zama babban samanja na Bataliya ta 3. A rundunar da Hausa ce harshen bariki, samanja shi ne gadar da ke tsakanin hafsan Bature da kurtun da jiya-jiya ya baro gona. Ya tsawata, ya lallasa, in wuta ta buɗe kuma shi ake kallo.

Da Yaƙin Hitila ya ɓarke, Chari ya haura shekara arba'in, amma da shi aka tafi. Sojojin Nijeriya suka shiga Mogadishu a Fabrairun 1941, suka fatattaki Italiyawa a mashigin dutsen Marda a watan Maris, suka wuce Harar ta ƙasar Habasha. A wannan yaƙi ne Ingila ta maƙala masa tata lambar jarumtar fagen fama. Daga nan sai dazukan ƙasar Bama, gaban Japanawa, inda aka ambaci sunansa cikin rahoton yabo na manyan kwamandoji. A 1944 aka ƙara masa lambar Daular Birtaniya.

To, ga inda abin yake ci mini rai. Duk wannan tarin ƙarfe a ƙirji bai sa ya zama hafsa ba. Ɗan Baturen da bai fi sa'ar ɗansa ba, yana sauka daga jirgi da anini ɗaya a kafaɗa, Chari ne zai ƙame ya sara masa. Sai a 1953, da zai ajiye kaki bayan shekara 36 a rundunar, aka ba shi kyaftin na girmamawa. A shekarar ce ya halarci naɗin Sarauniya Elizabeth a Landan. A shekarar ce kuma wani ɗan Barno, Zakariya Maimalari, ya fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst da aninin gaske, irin wanda Chari ya yi shekaru yana sara wa.

Yau in ka shiga Lokoja, garin da rundunar ta yi ƙuruciyarta a zamanin Gwamna Lugga, ka tambayi barikin soja, za a nuna maka Barikin Chari Maigumeri.