Amurka tana kiranyen motoci saboda kyamarar baya: ƴan Kwatano da ke hannunmu fa?

Duk wanda ya saba shiga babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako a Yamai, ya san yadda ake fitar da mota daga bakin shago. Alhaji ya gama lodi, ya shiga kat-kat ɗinsa, ya sa giyar baya. A bayan motar kuwa ga mai tumatir ta shimfiɗa buhu a ƙasa, ga ƴar talla da tire a kai, ga yaron da uwarsa ta sauke daga goyo yana rarrafe. A da direba yakan leƙo da kai ta taga, ko karen mota ya sauka yana bugun bodi yana cewa taho, taho. Yanzu manyan motoci da yawa sun zo da ɗan allo a gaban direba mai nuna masa abin da ke baya, shi ma sai ya kafa wa allon ido. To wannan allon ne ya jawo wa kamfanonin motoci rigima a Amurka.

Asalin maganar wani abin tausayi ne. A shekarar 2002, a jihar New York, wani likitan yara yana ja da baya da babbar motarsa a ƙofar gidansa, ya taka ɗansa Cameron Gulbransen, yaro ɗan shekara 2, bai gan shi ba. Yaron ya rasu. Uban ya shiga fafutuka har majalisar Amurka ta yi doka da sunan yaron, shugaba George Bush ya sa mata hannu a 2008. An yi ta jan ƙafa kafin a aiwatar. Sai a 2014 hukumar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasar, wadda ake kira NHTSA, ta fitar da ƙa'ida: daga watan Mayu na 2018, duk sabuwar motar da nauyinta bai wuce wajen tan 4 da rabi ba dole ta zo da kyamarar baya. Hoton ya bayyana cikin daƙiƙa 2 da sa giya, kuma ya nuna fili mai faɗin wajen mita 3 da tsawon mita 6 a bayan mota. A lissafin da hukumar ta bayar a lokacin, ja da baya na kashe mutum wajen 210 a shekara a Amurka, yana raunata wasu 15,000, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na mamatan yara ne ƴan ƙasa da shekara 5.

Tun da kyamara ta shiga doka, mutuwarta ta zama laifin da ake tuhumar kamfani a kai. A can, in aka gano aibi a wata mota, kamfani ne zai yi kiranye: ya aika wa kowane mai motar takarda, mai motar ya kai ta garejin wakilin kamfani, a gyara ba tare da ya biya ko dala ba.

Ford ne ya fi shan wannan wahala. A watan Satumba na 2020 ya kira motoci sama da 620,000 ƙirar shekarar, cikinsu har da Explorer, Escape, Edge da Expedition, saboda wani mahaɗin lantarki a cikin kyamarar ba ya kamawa da kyau, hoto ya zo yau gobe ya ɗauke, ko ya zo a murɗe. A farkon 2023 ya sake kiran wasu 462,000 a duniya, Explorer da Lincoln Aviator da Corsair, masu kyamarar da ke nuna kewayen mota gaba ɗaya. Su kuma allon ne ke komawa shuɗi fes, ba komai a ciki. Hukumar ta bincika ta ce kamfanin ya yi jinkiri wajen kiranyen farko, kuma bai ba ta cikakken bayani ba. A watan Nuwamba na 2024 ta ci shi tarar miliyan 165. Kada a ruɗe, ba dalarmu ta kasuwa ake nufi ba, dalar Amurka ce, wato wajen miliyar 100 na sefa. A tarihin hukumar, tarar Takata, mai yin jakar iskar da ke fashewa a fuskar direba, ita kaɗai ta fi wannan. Duk da haka abin bai tsaya ba: a watan Mayu na 2025 Ford ya kira motoci sama da miliyan 1, a watan Satumba kuma wasu miliyan 1.9 ƙirar 2015 zuwa 2019.

Wani zai ce ai mu nan Toyota muka sani. Haka ne, amma ciwon bai bar kowa ba. Honda ya kira motoci wajen miliyan 1.2 a 2023, Odyssey da Pilot da Passport, saboda bakin wata waya da ke kai hoto zuwa allo. Toyota ma a ƙarshen 2025 ya kira sama da miliyan 1, har da Lexus, saboda hoton na iya daskarewa ko ya ɓace ana cikin ja da baya. A ganina daskarewar ta fi mutuwar muni. In allo ya yi baƙi, direba ya san ba ya gani, zai waiwaya. In kuwa hoto ya tsaya cak yana nuna fili fayau, alhali yarinya ta riga ta shigo bayan motar, direba zai taka totur hankalinsa kwance.

Yanzu ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne motocin nan ba sa ƙarewa a Amurka. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Japan da Amurka sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 kuma Afirka suka nufo. Namu shekara da shekaru ta tashar jirgin ruwa ta Kwatano suke shigowa, su hau ta Malanbil da Gaya. Bayan rufe iyaka a 2023 da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso. Dokar tarayya ta Amurka ba ta hana sayar da tsohuwar mota da ke da kiranyen da ba a gyara ba. Saboda haka mota na iya fita daga gwanjo, ta hau jirgi, ta biya duwan, ta samu lambar Nijar, aibinta na nan yadda yake. Takardar kiranyen kuwa tana can tana neman tsohon mai motar a Texas, ba wanda zai biyo sabon mai ita har Tawa.

Akwai abin da mai saye zai iya yi kafin ya ƙirga kuɗi. Mafi yawan motoci suna da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda Turawa ke kira VIN. Ana ganinta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da jikin takardar da ke manne a bakin ƙofarsa. In motar an yi ta don kasuwar Amurka ce (alama ɗaya ita ce agogon gudu yana ƙirga mil), a ba yaro mai wayar intanet ya shiga shafin NHTSA ya sa lambar. Kyauta ne, nan take zai nuna ko akwai kiranyen da ba a gyara ba. Wannan lambar tana da wani amfani da dillalai ba su cika son a sani ba: a motocin Amurka, harafi na 10 shi ke faɗin shekarar ƙira. J 2018 ke nan, K 2019, L 2020, M 2021. In dillali ya rantse 2020 ce ka ga J, ka san inda za ka fara tayi.

Sannan a gwada da hannu. A tada mota, a sa giyar baya, a cire, a sake sawa, sau biyar ko shida, da sanyin safiya da kuma bayan ta sha rana. A sa mutum ya gitta ta baya a ga ko allon na bin motsinsa. In aibin ya fito, gyaran kyauta na can ba zai iso nan ba, sai dai a rage kuɗin gyaran daga farashi. Wani lokaci waya ce ko bakin waya, mai lantarkin mota zai iya; wani lokaci kyamarar ce za a sake; in kuma manhajar cikin motar ce, sai garejin da ke da kwamfutar da ta dace.

Ko lafiyayyar kyamara ma tana da iyaka a ƙasarmu. Idonta bai fi ƙwayar gujiya ba, yana can kusa da lambar baya, inda ƙurar hunturu da taɓon damina suke fara sauka. Motar da ta taso daga Dakwaro ta iso Maraɗi, sai an goge idon da tsumma kafin ya nuna wani abin kirki. Masu shago da suka ɗauki direba su gaya masa a fili: a cikin kasuwa ba a ja da baya sai wani ya sauka ya tsaya inda direba ke ganinsa a madubi.

Ku kuma iyayenmu mata masu kasa kaya a bakin hanya, babbar mota tana da tudu, abin da ke zaune a ƙasa dab da bayanta direba ba ya ganinsa ta gilashi, balle yaro mai rarrafe. In kun ga fararen fitilu sun kama a bayan mota, giyar baya aka sa. A janye yaro tukuna, tire ya biyo baya.