Me Ya Sa Ƙafa Ke Mutuwa a Mita 200 na Ƙarshe? Kimiyyar Tseren Mita 800

Idan ka taɓa zama a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna ranar da ake tantance 'yan tsere, to ka san irin yaron da zan yi maka misali da shi. Mu ɗauka daga Rigachikun ya hau mota tun da asuba. A filin ƙwallon unguwarsu babu mai iya kamo shi, shi ya sa aka ce ya je ya gwada mita 800, ko Allah zai sa ya samu gurbin wakiltar jiha a gasar ƙasa. Ana harba bindiga ya fita kamar kibiya, ya gama zagayen farko ya ba kowa rata. Amma da aka shiga mita 200 na ƙarshe sai ka ga kansa ya koma baya, hannuwa suna ta iyo a iska, ƙafa kuwa kamar an ɗaura mata buhun siminti. Waɗanda ya bari a baya su zo su wuce shi ɗaya bayan ɗaya. 'Yan kallo wasu su ce ba shi da zuciya, wasu ma su ce hannu aka sa masa.

Babu ko ɗaya. Abin da ya same shi lissafi ne na makamashin jiki, kuma idan ka fahimci lissafin, za ka gane cewa a mita 800 kusan kowa raguwa yake yi a ƙarshe. Wanda ya fi jinkirin raguwa shi ke ɗaukar lambar zinare.

Wuta uku a cikin tsoka

Tsokarka ba ta motsi sai da wani sinadari da ake kira ATP. Matsalar ita ce ajiyarsa a cikin tsoka kaɗan ce ƙwarai, ba ta wuce ta 'yan sakanni ba idan ana gudu da ƙarfi. Dole jiki ya riƙa ƙera sabo a lokacin da kake cikin gudun, kuma hanyoyi uku yake da su. Ka kwatanta su da hura wuta a murhu.

Ta farko kamar kananzir ce. Wani sinadari ne mai suna fosfokiriyatin da ke ajiye a tsoka. Nan take yake kamawa, ya ba da ƙarfi mai yawa, amma cikin kimanin sakan 10 na gudu iya ƙarfi ya yi ƙasa sosai. Shi ne babban jarin ɗan tseren mita 100.

Ta biyu kamar karan dawa ce. Jiki yana farfasa sukarin da ya ajiye a tsoka ba tare da jiran iskar oksijin ba. Wutar tana da ƙarfi, tana kamawa da wuri, sai dai hayaƙinta yawa gare shi, kuma za mu dawo kan wannan hayaƙin.

Ta uku gawayi ce. Nan jiki yake ƙona sukari da kitse da taimakon oksijin ɗin da huhu ya shaƙo, jini ya ɗauko, zuciya ta harba zuwa tsoka. Gawayi ba ya kamawa da wuri, yakan ɗauki lokaci kafin ya ruru, amma idan ya kama sai ya daɗe yana ci, kuma ba ya cika ɗaki da hayaƙi.

Dukkansu ukun tare suke aiki tun daga harbin bindiga, abin da ke sauyawa shi ne wadda ta fi ɗaukar nauyi. To, a nan ne mutane da yawa suke kuskure. Ana ganin mita 800 kamar gajeren tsere ne, zagaye biyu kacal, don haka sauri ne kawai magana. Amma a 2001 wasu masu bincike biyu a Ostireliya, Spencer da Gastin, sun auna ƙwararrun 'yan tsere, suka gano cewa a mita 400 kashi 43 cikin 100 na makamashin daga oksijin yake fitowa, a mita 800 kashi 66, a mita 1500 kuwa kashi 84. Ka ga ke nan kusan kashi biyu cikin uku na tseren mita 800 a kan gawayi ake yin sa. Yaron namu na Rigachikun ya zo da kananzir da kara masu kyau, gawayinsa ne bai kai ba.

Mene ne ke ɗaure ƙafar?

Wataƙila ka taɓa jin koci yana cewa laktik asid ne ya taru. Maganar tana da ƙamshin gaskiya amma ba ta cika ba. Idan tsoka ta dogara ga hanya ta biyu, lallai tana samar da laktet mai yawa. Sai dai binciken da George Brooks na Jami'ar Kaliforniya ya shafe shekaru yana yi ya nuna cewa laktet ba shara ba ne, makamashi ne. Zuciya da wasu tsokoki suna ƙona shi, hanta kuma tana mayar da shi sukari.

Ainihin hayaƙin wasu abubuwa ne da ke taruwa tare da shi. Cikin tsoka yana ƙara tsami saboda taruwar haidurojin. Sinadarin fosfet da ya fito daga ƙonewar kananzir ɗin can na farko yana rage ƙarfin da zaren tsoka ke ja da shi. Fotasiyam kuma yana fita daga cikin ƙwayoyin tsoka ya taru a waje, sai saƙon lantarki da ke umartar tsoka ta motsa ya raunana. A lokaci guda ƙwaƙwalwa tana samun rahoton wannan hali, ita ma ta fara taka burki. Shi ya sa kana ba ƙafa umarni amma ba ta amsawa, takunka ya gajarce, ka fara jefa kai baya.

Ciwon jikin da kake tashi da shi bayan kwana ɗaya ko biyu shi ma ba laktet ba ne, domin cikin awa guda ko makamancin haka bayan tsere ya riga ya koma daidai a jini. Wannan ciwon daga ƙananan raunuka ne da zaren tsoka ya samu, wanda jiki ke gyarawa.

Darasi daga Rudisha

Ranar 9 ga Agusta 2012, a gasar Olamfik ta Landan, David Rudisha na Kenya ya gama mita 800 cikin minti 1 da sakan 40.91, ya kafa tarihin duniya. Zagayen farko ya yi shi cikin sakan 49.28, na biyu kuma 51.63. Wato shi ma ya ragu, da kimanin sakan biyu da ɗoriya. Haka akasarin manyan tseren mita 800 suke, zagayen farko yakan fi na biyu sauri kaɗan. Akwai dalili: kananzir ɗin farko idan ba ka yi amfani da shi a fita ba, ba za ka ci cikakkiyar moriyarsa ba, kuma fita da ɗan ƙarfi tana sa gawayin ya kama da wuri.

Amma ka lura da kalmar kaɗan. A ce burinka minti 2 daidai. Abin da ya dace shi ne zagayen farko wajen sakan 58 ko 59, na biyu 61 ko 62. Idan ɗokin 'yan kallo ya kwashe ka ka yi na farko a 54, to ka ci bashin da za ka biya da riba mai tsada, domin na biyun zai iya kai ka 70. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma babu inda maganar ta fi zama daidai kamar nan.

A gida Najeriya, Ado Maude, wanda ya wakilci ƙasar a mita 800 a gasar Olamfik ta 1988 a birnin Seoul, ya kafa tarihin ƙasa na minti 1 da sakan 45.91 a 1992. Sai da aka shafe fiye da shekara 20 kafin Edose Ibadin ya karya shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yadda aka bar matsakaicin zango a baya, hankali ya koma kan gajeren tsere.

Gasar ƙasa ba tseren agogo ba ce

Kaduna ba baƙuwar manyan gasa ba ce. Ta karɓi Bikin Wasanni na Ƙasa a 1977 da kuma 2009, sannan a 2019 a nan hukumar AFN ta gudanar da gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta ƙasa. A irin wannan gasa ba lokaci ake ba lambar yabo ba, matsayi ake ba. Kuma sau da yawa sai ka tsallake zagayen share fage kafin ka kai na ƙarshe, wani lokaci kwana ɗaya ne tsakani. Wanda ya zazzage duk ƙarfinsa a share fage don ya burge mutane, da gajiyayyar ƙafa zai shiga ranar da ta fi muhimmanci. A nan ma gawayi ne ke ceto, domin hanyar oksijin ce ke sake cika ajiyar fosfokiriyatin, ita ce kuma ke share hayaƙin bayan tsere.

Ga misali daga mita 1500. Tarihin duniya na maza minti 3 da sakan 26.00 ne, wanda Hicham El Guerrouj na Maroko ya kafa a Rum a 1998. Amma a Olamfik ta 2016 a Rio, Matthew Centrowitz na Amurka ya ci zinare da minti 3 da sakan 50.00, lokaci mafi jinkiri da aka ci wannan lambar da shi tun 1932. Kowa ya ƙi shiga gaba ya ja tseren, aka tafi a hankali, sai zagayen ƙarshe aka ɓalle. Wanda ya tsaya a wuri mai kyau shi ya ci.

Wuri mai kyau kuwa yana da lissafinsa. Faɗin kowane layi mita 1.22 ne. Idan ka yi zagaye guda a layi na biyu maimakon na farko, ka ƙara wa kanka kimanin mita 7, wato sakan guda ke nan ga mai gudun minti 2. Shi ya sa ake son ka wuce mutum a miƙaƙƙen wuri, ba a kan kwana ba. Sai batun iska. Masanin nan Griffith Pugh ya nuna a 1971 cewa ture iska kaɗai yana cin kimanin kashi 7.5 cikin 100 na makamashin ɗan tseren matsakaicin zango, kuma bin bayan wani da tazarar mita guda yana rage yawancin wannan asarar. Sai dai idan ka manne a layin ciki bayan wani, aka rufe ka ta dama, to ka shiga akurki, kana da ƙarfi amma babu hanyar fita. Abin da ƙwararru ke yi shi ne su zauna dab da kafaɗar dama ta na gaba.

To yaya ake gina gawayin?

Da gudu mai sauƙi, mai yawa, na watanni. Irin wanda za ka iya hira da abokinka kuna yi, minti 30 zuwa 50, sau da yawa a mako. Da alama wasa ne, amma shi ke sa zuciya ta riƙa harba jini mai yawa a kowane bugu, ya ƙara ƙananan hanyoyin jini a tsoka, ya kuma ƙara yawan 'yan murhunan cikin ƙwayoyin tsoka da ake kira maitokondiriya. A kan wannan tushen ake ɗora atisaye mai zafi sau ɗaya ko biyu a mako, kamar maimaita mita 200 ko 300 ko 400 a saurin tsere da hutu a tsakani, don tsoka ta saba aiki cikin hayaƙi. Ka nemi hanyar ƙasa ta cikin gonaki, ka bar gefen titin Kaduna zuwa Zariya, saboda manyan motoci da taurin kwalta. Lokacin zafin bazara ka fita da sassafe, ranar da ƙurar hunturu ta yi kauri kuma ka sassauta.

Za ka ji ana cewa 'yan Kenya sun fi mu ne saboda tsauni. Gaskiya ne garin Iten yana kan tsayin kimanin mita 2,400, inda ƙarancin oksijin ke sa jiki ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, alhali Kaduna wajen mita 600 take, Jos kuma wajen 1,200. Amma kafin ka yi mafarkin tsauni, ka fara duba jinin da kake da shi. Himogulobin shi ke ɗaukar oksijin, kuma zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da ƙarancin sinadarin ayon duk suna rage shi, musamman ga 'yan mata saboda al'ada. Hanta, nama, wake, zogale da alayyahu suna taimakawa, lemon zaƙi yana ƙara shigar ayon jiki, shayi kuwa idan aka sha shi tare da abinci yana rage ta. Gwajin jini mai sauƙi a asibiti zai gaya maka inda kake.

Ka kuma san jinotayif ɗinka. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. Mai AS yana iya tsere har ya yi fice, amma atisaye mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa, ba tare da hutu ba, yana iya sa jajayen ƙwayoyinsa su lanƙwashe su toshe hanyar jini, kuma an rasa rayukan 'yan wasa ta haka. Idan tsoka ta saki farat ɗaya tun atisaye bai yi nisa ba, ko numfashi ya gagara, a tsaya nan take a nemi likita. Wannan ba wurin nuna jarumta ba ne.

Tiramadol kuma da wasu ke sha wai don kada su ji gajiya, ba ya ƙara ko ɗigon oksijin a jini, ƙararrawar gargaɗin kawai yake kashewa. Tun daga Janairun 2024 hukumar WADA ta haramta shi a lokacin gasa, don haka ko ka ci, gwajin fitsari zai iya ƙwace lambar.

Saboda haka idan kana da ƙane ko ɗalibi irin yaron can, kada ka ce masa ba shi da zuciya. Ka kai shi a auna jininsa, ka ba shi watanni na gudu mai sauƙi, sannan ranar tsere ka tsaya a bakin layi da agogo a hannu, ka kira masa lokacin zagayen farko da ƙarfi yadda zai ji.